Yadda Na Gudu da Zakaran Mama Saratu

Maraɗi zuwa Kaduna

Liman bai gama addu'ar bayan sallar asuba ba na sulale daga sahu, don motar Katsina ba ta jiran kowa. Maiɗakina Hadiza ta riga ta ɗaure mini jaka: kilishi, dabino, cuku, da turmin atamfa ɗaya na tsaraba. Har bakin ƙofa ta rako ni tana nanata maganar da ta ishe ni da ita.

"Malam, ko me aka ba ka ka ci. Kada ka je ka yi wa mutane wannan yatsinar fuskar taka."

Ni tela ne a Maraɗi, sunana Isuhu, kuma ban taɓa wuce Kano ba. Wanda zan kai wa ziyara abokina ne Bulus, mutumin Fadan Kagoma da ke kusa da Kafanchan a Najeriya. Shekara tara ya yi yana gyaran firji a shagon da ke jikin nawa, lokacin yana gwauro, kuma duk shekarun nan daga tukunyar Hadiza ya ci. Da ya koma gida ya yi aure, sai mahaifiyarsa, Mama Saratu, ta kafe a kan ba za ta bar duniya ba sai ta dafa abinci da hannunta ta ba mutumin da ya ciyar mata da ɗa. A waya Bulus ya faɗa mini sauran zancen.

"Oga Isuhu, ƙanen babana, Baba Dogo, ya ce wa Mama ta daina wahalar da kanta, wai Musulmin Nijar ba zai ci abincin gidanmu ba. Mama ta ce za ka ci. Ni ma na ce za ka ci. Don Allah kada ka ba mu kunya."

Na rantse masa ko dutse tsohuwa ta dafa sai na tauna. Na ƙudura kuma in ga gari, don Bulus ya cika mini kunne da labarin tashar jirgin ƙasa da wani ruwa mai faɗowa daga kan dutse. Maƙwabtana kuwa kowa da tasa. Wannan ya ce Kudancin Kaduna ba wurin yawon buɗe ido ba ne, wancan ya ce in kwana da takalmi a ƙafa. Na yi musu dariya, amma in faɗi gaskiya, maganar ta samu wurin zama a kunnena.

A Ɗan Isa jandarmomi suka duba takarduna, muka tsallaka Jibiya. Nan na yi canji. Na miƙa 'yan takardun sefa, aka danƙa mini damin naira har aljihuna ya kumbura, na fara tafiyar masu kuɗi. Kafin in biya motar Kano da farantin shinkafa da wake, aljihun ya koma yadda na san shi. Mun isa Katsina da hantsi, Kano da azahar, Kaduna kuwa sai da rana ta yi ja. Daga tashar da aka sauke mu na shiga bas zuwa Sabon Tasha, inda ake samun motocin Kafanchan.

Ruɗanina na farko a nan ya fara. Ina neman inda zan yi magariba sai na ji lasifika tana ambaton Ubangiji Allah da Hausa tsantsa. Na bi muryar da butata a hannu, har na cire takalmi a bakin ƙofa, sai na ji ganga ta ɗauka, mata suna tafi. Wani dattijo mai farar riga ya dube ni, ya dubi butar, ya yi murmushi.

"Baba, masallaci kake nema? Bi wancan layin, bayan mai shayi. Amma in za ka zauna, akwai benci."

Na gode masa na mai da takalmina. Bayan salla na kama ɗaki a wani masauki, sai ga wayar Bulus. Matarsa ce naƙuda ta zo mata da gardama, an wuce da ita wani asibiti a Jos, yana tare da ita. Ya ce in wuce Kafanchan wajen abokinsa Emeka mai sayar da kayan gyaran babur, zai kula da ni kafin ya dawo.

Sabon Tasha zuwa Kafanchan

Wajen ƙarfe bakwai na safe ƙaramar motarmu ta cika, huɗu a baya, biyu a gaba. Ni aka matse tsakanin ƙofa da wata mata mai jiki, da kwandon tumatir a cinya. Muka bi ta Kujama muka miƙi hanyar Kaciya. Shingayen sojoji ba su ƙirguwa, a kowanne direba ya rage gudu ya ɗaga hannu, wani lokaci a leƙo a dube mu ɗaya bayan ɗaya. Damina ce, kuma ni mutumin Maraɗi ban san ƙasa tana iya yin kore haka ba. Ruwa ya sauko mana ya ɗauke, ya sake saukowa, babu wanda ya ko ɗaga kai ya ce alhamdulillahi. Da muka wuce Kaciya na ga gonaki shimfiɗe da wani ganye siriri.

"Wannan ciyawar duk haka aka bar ta, ba dabbobin da za su ci?" na tambayi maƙwabciyata.

Ta yi dariya har tumatir ya motsa. "Citta ne, Baba. Kuɗi ne kake gani a kwance."

Muka ratsa Kwoi, direba ya nuna mini da haɓa ya ce ga Kagoma nan. Na ga kunyoyin doya masu tsayi kamar kaburbura, na ga Fulani da shanu a gefen hanya, na ji kamar in ce a sauke ni. Amma an ce in fara zuwa wajen Emeka, sai na haƙura.

Emeka ɗan ƙabilar Ibo ne, gajere mai faɗin kafaɗa, Hausarsa tana gudu kamar keken ɗinki. Ya rungume ni kamar mun shekara da sani. Na tambaye shi yaushe rabonsa da garinsu.

"Wane gari? Nan ne garinmu, Oga. Kakana aikin reluwe ya kawo shi, a kwatas ɗin reluwe aka haife ni. In na je can ƙauye ma ɗan Hausa suke ce mini."

Ya kai ni masauki kusa da kasuwa, ya ce in huta sai gobe. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni zama. Na ce ai bai kamata in kwana a gari ban gai da tsohuwa ba. Ana sauke masa kaya a shago, ba halin ya raka ni, sai ya kira wani mai babur, irin wanda muke ce wa kabu-kabu su kuma okada, sunansa Yakubu, ya ce ya kai ni ya jira ni ya dawo da ni.

Fadan Kagoma

Mun bar kwalta muka bi wata 'yar hanya, muka tsallake rafi, sai ga gida mai rufin kwano a ƙarƙashin mangwaro. Wani dogon tsoho yana zaune a kujerar katako, ya amsa sallamata a taƙaice. Ban buƙaci a gaya mini Baba Dogo ne ba. Sai ga wata 'yar tsohuwa ta fito da gudu-gudu, zanenta na zumuntar matan coci, gefensa an yi masa kalmasa a karkace, abin da idon tela ba ya iya ƙyalewa. Ta kama hannuwana biyu ta rangaɗa guɗa.

"Kai ne Isuhu? Kai ne baban Bulus na Nijar? Ubangiji ya kawo ka! Yaya matanka? Yaya yara? Zauna, zauna."

Ta kawo ruwa a sabon kofi, ko takardar da aka manna masa a shago ba a ɓare ba. Na sha, na miƙa tsaraba, ta ɗora atamfar a ka ta taka rawa. Raina ya yi fari, na ce a zuciyata yau Baba Dogo zai sha kunya. Ban gama wannan tunani ba ta zagaya bayan ɗaki ta dawo da wani jan zakara, ƙato, ƙafafunsa a ɗaure. Ta ɗora mini shi a cinya da hannu biyu.

"Ga shi, Malam. Naka ne. Tun Kirsimeti nake kiwonsa dominka."

Ta juya ta shige ciki.

To, ku da kuke gida kun san yadda muke yi. Baƙo ya zo, a ba shi ruwa, a ba shi abinci, a yi hira, in ya tashi tafiya sannan a kamo kaza a ba shi ya kai wa iyali. Kazar ita ce sallama. In mai gida ya ɗora maka ita a hannu, ya gama da kai ke nan. Ni kuwa ko zufar hanya ba ta bushe mini ba. Na zauna da zakara a cinya, shi yana kallona, ni ina kallon ƙofar da tsohuwa ta shige. Ina abincin da aka yi shekara ana yi mini alkawari? Ko dai ita ce ta fasa, ta ga ba za ta iya ciyar da Musulmi ba? Ko wani laifi na yi wajen gaisuwa? Na dubi Baba Dogo ko zai ce wani abu, ya zuba mini ido kawai. Raina ya sosu ƙwarai, na ji kamar an mare ni a gaban mutane.

Hadari ya haɗo, aka yi tsawa. Yakubu ya leƙo daga inda ya jingine babur.

"Baba, in ruwan nan ya sauko rafi zai cika fa. Ba za mu wuce ba."

Na miƙe da zakara a hammata. Na ɗaga murya na yi sallama wajen ƙofa, ba a amsa ba. Na ce wa Baba Dogo a yi wa Mama godiya.

"Da shi za ka tafi?" ya tambaya.

"Ai an ce nawa ne."

"To. Naka ne." Ya kau da kai.

Mun ɗan yi nisa na waiwaya. Abin da na gani har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Mama Saratu ce ta fito a guje, ɗankwalinta ya faɗi, ta ɗaga wuƙa sama tana ƙyalli, tana kwarma ihu tana nufo mu. Ƙarar babur da iska sun hana ni jin abin da take faɗa. Duk maganganun maƙwabtana na Maraɗi suka dawo mini a lokaci ɗaya.

"Yakubu, ƙara wuta!"

"Ruwan ne, ko Baba?"

"E, ruwan ne."

Kafanchan

Na iso shagon Emeka a jiƙe sharkaf, ni da zakara. Ya tafa hannu ya ce lallai Mama ta so ni, ya tambaya ko na ci abinci. Na ce alhamdulillahi, na bar shi ya fahimci abin da ya ga dama. Yaya zan buɗe baki in ce wa baƙon ido uwar abokina ta biyo ni da wuƙa? A masauki na ɗaure zakaran a banɗaki, na gutsura masa burodi. Tun kafin kiran assalatu ya tashi kowa a gidan, har mai masaukin ya ƙwanƙwasa mini ƙofa yana tambaya ko sayar da kaji nake yi.

Da safe Bulus ya kira. An sauka lafiya, mace aka samu. Na yi masa barka, amma muryarsa a sanyaye take.

"Oga Isuhu, Baba Dogo ya kira ni. Ya ce ka ɗauki zakara ka tafi."

"E, ai sallamata aka yi, shi ya sa..."

"Ba komai. Likita na kirana. Gobe zan dawo." Ya kashe.

Na bi wayar da kallo. Ni aka kora, kuma ni ake fushi da ni. Na rasa ta inda zan kama zaren maganar.

Emeka ya bar shago a hannun yaransa ya ɗauke ni yawo a motarsa. Muka fara da tashar jirgin ƙasa. Ya nuna mini inda layukan dogo suka rabu, wannan ya nufi Kaduna, wannan Jos, wancan ya gangara kudu inda kakansa ya fito. Ya ce da can in jirgi ya iso, garin nan kamar ranar kasuwa yake, masu doya da masu lemo suna bin taga-taga. Yanzu shiru ya fi yawa, awaki na kiwo tsakanin ƙarafa. Ya nuna mini gidan da aka haife shi, ya tsaya ya daɗe yana kallon tagar. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai, hankalina yana Kagoma.

Daga nan muka tafi Matsirga, wajen ruwan nan mai faɗowa daga kan dutse. Tun daga nesa ake jin rugugi. Muka gangara a ƙafa ta wata hanya mai santsi, na riƙe rigar Emeka kamar yaro. Sai ga ruwan, fari fat, yana zubowa daga kan dutse mai tsayi, feshinsa yana jiƙa mu tun ba mu matsa ba. Mu da gulbinmu na Maraɗi in ya kawo ruwa 'yan watanni muke godiya, ga shi nan ana zubar da shi dare da rana ba mai tarewa. Na tsaya baki buɗe. 'Yan makaranta suna ta ɗaukar hoto, Emeka ma ya ɗauke ni. Da na duba hoton daga baya, fuskata kamar ta wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa. A hanyar dawowa ya nuna mini dutsen Kagoro da gajimare ya rufe wa kai, muka tsaya na sayi zuma kwalba ɗaya. Sau biyu na buɗe baki zan gaya masa, sau biyu na haɗiye.

Bayan la'asar ya ce lallai sai na ci abincin gidansa. Aka sa mini kujerar roba a tsakar gida. Ina zaune ina lissafin ko in haƙura in kama hanyar Maraɗi gobe, sai ga matarsa, Mama Chidi, ta fito daga kicin, kaza a hannun hagu, wuƙa a hannun dama, ta nufo ni kai tsaye. Ban san lokacin da na yi tsalle ba, kujera ta kife.

"Jizos! Malam, lafiya?" Ta ja da baya.

"Me za ki yi da wuƙa?"

"Kai za ka yi, ba ni ba. Taimaka ka yanka mana. In maigidana, Papa Chidi, ya yanka, ai ba za ka iya ci ba."

Na ce ta sake faɗa. Emeka ya karɓe zancen, yana mamakin yadda ban sani ba. Ya ce a ƙasar nan ba Kiristan da zai yanka wa baƙonsa Musulmi dabba da hannunsa. Baƙon ake ba, ya yanka yadda addininsa ya ce, sannan a dafa. Ko da Kirsimeti, in za a yanka akuya, maƙwabci Musulmi ake kira, don duk layi a ci. Ya ce Mama Saratu ma wani Bafulatani maƙwabcinsu ke yi mata yanka duk shekara.

Na zauna a ƙasa. Na kwashe labarin jiya na gaya musu, har da ƙara wutar da na sa Yakubu ya yi. Emeka ya yi dariya har yana dukan bango, matarsa na share hawaye da gefen zane. Can sai dariyar ta tsaya masa.

"Kai, Oga. Wuƙan yanka ta je ɗauko maka. Ka san abin da tsohuwan nan zai ɗauka? Zai ce ka tafi da shi ne ka ci a wani wuri, don kana ƙyamar tukunyansa."

Na ce a kai ni yanzu. Ya nuna mini sama, ruwa ya riga ya fara, ya ce rafin nan ba ya ƙetaruwa sai da safe. Na yanka wa Mama Chidi kazarta. Ta yi miya mai daɗi, kowa ya yaba, ni ban ji ɗanɗanon komai ba.

Komawa Kagoma

Da hantsi Bulus ya iso shagon Emeka daga Jos, idanunsa jajur don rashin barci. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Duk da shekarun da muka yi ba mu haɗu ba, hannu kawai ya miƙo mini. Na riƙe hannun ban saki ba sai da na gama bayani. Ya zauna a kan wani kwali ya dafe kai.

"Oga Isuhu, ni ne ban gaya maka ba. A Maraɗi ban taɓa yanka ko tattabara ba, ta ina za ka sani?"

Muka hau babura biyu, zakara a cinyata. Rafin ya janye, muka wuce. A tsakar gida na ga sabuwar tukunya a kan murhu, ruwan sama ya cika ta, itacen ƙarƙashinta ya jiƙe. Baba Dogo yana kan kujerarsa. Ya ce tun shekaranjiya tsohuwa ba ta hura wuta ba, ba ta kuma fito ba sai don kewayawa. Bulus ya shiga ɗakin, na ji suna magana da yarensu, muryarsa tana hawa tana sauka. An daɗe kafin ta fito. Ta tsufa a kwana biyun nan fiye da yadda na bar ta.

Na durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a cikin laka. Na gaya mata yadda muke yi a ƙasarmu, na ce na zaci korata ta yi, na ce da na ga wuƙa tsoro ya kama ni. Ban ɓoye wannan ba, ko da yake shi ya fi ba ni kunya. Ta karɓi zakaran ta ɗaga shi ta jinjina.

"Ka ramar mini da shi. Me kake ba shi?"

"Burodi, Mama."

"Burodi!" Ta dubi Bulus. "Ka ji mutumin da ya ciyar da kai."

Ta shiga ta fito da wuƙar, wannan karon ta miƙo mini ita ta wajen ƙota. Na tambayi gabas, aka nuna mini. Na dubi Baba Dogo na ce, "Baba, a taimaka a riƙe mini fukafukai." Ya tashi ya naɗe hannun riga ya riƙe. Na yi bisimilla na yanka.

Kafin azahar gida ya cika da ƙamshi. Tuwon acca ta yi, da miyar riɗi da manja. Ina zaune da Bulus a gindin mangwaro muna tuna mutanen kasuwar Maraɗi, waye ya mutu, waye ya je Makka, sai ta zo ta ce in taso. Ta kai ni falo. Ga tebur da sabuwar leda, sabon kwano, sabon cokali, kujera ɗaya. Ta leƙa ta ajiye wa Bulus nasa a wani tsohon kwanon sha a bakin ƙofa, daga waje.

"Mama, me ya sa ni kaɗai a nan, shi a can?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zane. "Ba haka kuke yi masa a can ba?"

Ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kwana biyu ban yi barci ba. Na ce in mutumin nan yana ƙyamar abincina haka, to yaya ɗana ya ci a gidansa shekara tara? Na ce wataƙila a bakin ƙofa ake ajiye masa, da kwanonsa dabam, shi ne bai taɓa gaya mini ba don kada in ji zafi."

Wallahi sai da hawaye suka cika mini ido. Na ɗauki sabon kwanon na fita, na juye tuwon da miyar cikin kwanon Bulus, na ja shi zuwa gindin mangwaro, muka zauna a tabarma muka wanke hannu.

"Haka muke ci, Mama. Zo ki gani."

Ta zo ta zauna a kan turmi tana kallonmu. Muka sa hannu. Ban yi loma uku ba Bulus ya kai hannu kan ƙundu, na buge hannun kamar yadda na saba, na ce ni ne babba. Ya ce ai yau gidansu ne. Muna cikin ja-in-ja sai muka ji ƙarar kujera. Baba Dogo ne ya jawo ta, ya wanke hannu, ya ɗauke ƙundun ya jefa a baki. Mama Saratu ta rufe fuska da zane, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Na ci har na kasa miƙewa, ta ƙaro, na sake ci.

Gida

Na ƙara kwana biyu a Kagoma, a ɗakin Bulus. Ranar tafiya aka cika mini buhu da doya da citta, Emeka ya kai ni tasha da kansa. Na kwana Kano a wajen wani ɗan'uwan Hadiza, washegari na bi ta Katsina da Jibiya, na shiga Maraɗi ana kiran la'asar, ƙafafuna a kumbure.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa Emeka da Mama Chidi, wadda na kifar wa kujera, da Yakubu mai babur, wanda har yau yake zaton ruwa muke gudu, da Baba Dogo da ya riƙe mini fukafukai. Mama Saratu kuwa, ban san kalmar da zan gode mata da ita ba.

Da na huta na ba Hadiza labari tun daga farko. Ta yi ta dariya tana cewa ita dama ta san sai na yi abin kunya. Amma da na zo kan maganar bakin ƙofa, sai ta ajiye doyar da take ferewa.

"Kira mini ita."

Na kira Bulus, ya kai wa tsohuwa wayar. Hadiza ta karɓa ta goge hannu a zane.

"Mama, ina wuni? Ni ce Hadiza, ni na dafa masa. Ɗanki shi ke fara sa hannu a kwano, shi ke tashi ƙarshe. In na makara da abinci, har cikin gida yake shigowa ya ce mini, Yaya, yau azumi muke yi ne? Ƙanzo kuwa, 'ya'yana ba su san ɗanɗanonsa ba sai da ya bar garin nan."

Daga inda nake zaune ina jin guɗar tsohuwa tana fitowa ta cikin wayar.